Wane jirgin sama mai sauri ya kamata in saya? Amsa a kan gudu da kuɗin riƙewa

Mai tambayar matuƙi ne da ya tara sa'o'i wajen 600 a sama, yana kuma da shaidar tuƙi da na'urori a cikin gajimare. Yana yin tafiya zuwa da dawowa sau ashirin a shekara, kowane zango mil 600 zuwa 700, yawanci da mutum uku bayan shi kansa, kuma shi ne zai riƙa tuƙa jirgin. Abin da yake son sani shi ne wanne ne ya fi sauri a cikin jiragen da aljihunsa zai iya ɗauka: mai injin fistin, wato irin na mota, ko mai farfela da injin tarbin, wato dangin injin jet da ke juya farfela, ko kuwa ƙaramin jet.

Malam, kafin in shiga amsar, ka sani duk inda na ce mil, mil ɗin teku nake nufi, wanda da shi ake awo a harkar jiragen sama, tsawonsa kilomita 1.852, galan kuma na Amurka ne mai ɗaukar lita 3.785. Sannan ina roƙonka ka sauya tambayar kaɗan, domin gudun da ake bugawa a takardar talla ba shi ne zai kai ka inda za ka ba. Tambayar da za ta amfane ka ita ce: wane jirgi ne zai kammala maka waɗannan zanguna arba'in cikin sa'o'i mafiya ƙaranci, kuma nawa za ka biya a kan kowace sa'a da ya rage maka? Idan ka riƙe wannan ma'auni, za ka ga cewa jirage da dama masu ban sha'awa sun fita daga lissafi tun kafin ka je ganinsu.

Bari mu fara da yadda ake samo wannan adadi na talla. Kamfani yana auna gudun jirgi ne a tsayin da ya fi dacewa da injinsa, a ranar da zafin iska ya yi daidai da ma'aunin da aka amince da shi a duniya, wato digiri 15 a daidai fuskar teku, sau da yawa kuma jirgin ba ya cike da kaya. Mooney Acclaim, wanda aka sani da cewa shi ne mafi gudu a cikin masu injin fistin guda ɗaya da masana'anta ta ƙera, yana kai mil 242 a sa'a, Cirrus SR22T kuma 213, amma dukansu biyun sai a tsayin ƙafa 25,000 suke ba da wannan gudu. Dalilin kuwa shi ne iska tana ƙara sirancewa yayin da ake yin sama, ta yadda a wannan tsayi kaurinta bai kai rabin na fuskar teku ba, turjiyarta ga jikin jirgi ta ragu, shi kuma turbo, wato na'urar da ke matse iska, yana ci gaba da cusa wa inji iskar da yake buƙata. Gwargwadon lissafin matuƙa, ainihin gudu yana ƙaruwa da kimanin kashi biyu cikin ɗari a kan abin da agogon auna gudun jirgi ke nunawa a kowace ƙafa dubu da aka hau.

Inda gizo ke saƙar shi ne waɗannan jirage biyu ba su da ɗakin da ake matse iska a cikinsa. A dokar Amurka, wadda ƙasashe da yawa ke da makamanciyarta, matuƙi dole ya shaƙi oksijin idan ya wuce minti talatin sama da ƙafa 12,500, sama da ƙafa 14,000 kuma babu cirewa sam. A ƙafa 25,000, idan bututun oksijin ya zame ko ya lanƙwashe ba tare da ka lura ba, minti uku zuwa biyar kawai ke gare ka kafin hankalinka ya daina yi maka aiki, kuma mugun abin shi ne mutum ba ya jin alamar cewa yana cikin haɗari. Ka ƙara da cewa za ka ɗaura wa mutum uku abin rufe fuska na tsawon sa'o'i uku, wataƙila har da yaro ko dattijo a cikinsu. Saboda haka mafi yawan masu irin waɗannan jirage ba sa hawa can, suna tafiya ne ƙasa da haka, inda SR22T ke ba da wajen mil 180 a sa'a yana shan galan 17 zuwa 18. Wannan 180 ɗin shi ne gudun da ya kamata ka rubuta a takardarka, ba 213 ba. Piper M350 ya bambanta da su domin shi ma injinsa na fistin ne mai ƙarfin doki 350 amma ɗakinsa na matsattsiyar iska ne, don haka yana iya zama a can sama ba tare da kowa ya rufe fuska ba. Sai dai injinsa yana aiki ne kusa da iyakar ƙarfinsa a wurin da iskar sanyaya shi ta yi ƙaranci, kuma yana buƙatar hannu mai lura.

Akwai kuma wata ƙa'ida ta ilmin motsin iska da nake so ka riƙe, domin ita ce tushen tsadar gudu. Turjiyar da iska ke yi wa jikin jirgi tana ninkuwa sau huɗu idan gudu ya ninka sau biyu, ƙarfin injin da ake buƙata kuwa sau takwas yake ninkuwa. Ma'ana, idan kana son ƙarin kashi goma cikin ɗari na gudu a tsayi ɗaya, sai ka nemo ƙarin kashi talatin da uku na ƙarfi, tare da man da zai haifar da shi. Shi ya sa injiniyoyi ba sa neman gudu ta hanyar ƙara girman inji kaɗai, suna nemansa ne ta hanyar hawa inda iska ba ta da kauri. Hawan kuma shi ne ke jawo ɗaki mai matsattsiyar iska, da na'urorin narkar da ƙanƙara a fikafikai, da radar hango hadari, da injin tarbin wanda ba ya shaƙewa a sama. Duk lokacin da ka biya kuɗin gudu, haƙiƙa kuɗin tsayi ka biya.

Yanzu sai mu zo kan lissafin tafiyarka. Zango arba'in na mil 650 sun kama mil 26,000 a shekara. A gudun 180 za ka shafe sa'o'i 144 a sama. A gudun 310, wanda shi ne abin da jirgi mai farfela da injin tarbin mai sauri ke bayarwa a aikace, sa'o'i 84 ne. A gudun 420 na ƙaramin jet mai inji biyu, sa'o'i 62. Dubi tazarar da kyau: tsallen farko ya rage maka sa'o'i sittin cif, na biyu kuwa ashirin da biyu kacal, alhali dukansu ƙarin gudun ya haura mil ɗari a sa'a. Haka lissafin yake a ko'ina, duk yadda gudu ya ƙaru, amfanin ƙarin da ke biye yana raguwa. Kuma ko waɗannan ashirin da biyun ba za ka same su duka ba, domin mintunan da ake ɓatawa wajen tayar da inji, da jiran izini, da gangarawa zuwa titin tashi iri ɗaya ne ga kowa. A Amurka da wurare da yawa ba a yarda jirgi ya wuce mil 250 a sa'a ƙasa da ƙafa 10,000 ba. Masu kula da zirga-zirgar sama kuma sukan sauko da jet tun yana nesa da filin da zai sauka, su bar shi yana ƙona mai a ƙasa-ƙasa, inda injinsa ya fi kowane wuri ci. A gajeren zango na mil 300, bambancin da ke kan takarda tsakanin 310 da 420 minti goma sha biyar ne, a zahiri kuma yakan gaza haka.

Ba zan ɓoye maka abin da ke gefen jet ba. Iskar gaba ta fi cutar da jirgi maras sauri: idan ta kai mil 50 a sa'a, mai gudun 180 ya yi asarar fiye da rubu'in gudunsa, mai 420 kuwa kashi goma sha biyu cikin ɗari kawai. Jet yana hawa ƙafa 41,000 zuwa 45,000, ya bar mafi yawan hadari da girgiza a ƙarƙashinsa, alhali mai farfela yana tsayawa wajen ƙafa 30,000, inda wani lokaci sai ya kewaya gajimare maimakon ya haye shi. Yana da inji biyu, cikinsa ya fi shiru, fasinjoji sun fi sonsa. Waɗannan duka gaskiya ne, kuma su ne ke sa jet ya cancanci kuɗinsa ga mai zangon da ya haura mil dubu. HondaJet yana kai 422 a sa'a da tsayin ƙafa 43,000, Citation M2 yana kai 404, Phenom 300E na kamfanin Embraer na Brazil kuma 464, da nisan zango wajen mil 2,000. Manyan jirage irin su Gulfstream G650 da Global 7500, masu kai kashi 92.5 cikin ɗari na gudun sauti, na ƙetare tekuna ne da matuƙa biyu masu albashi, ba su shafi tambayarka ba.

Amma kada kalmar jet ta ruɗe ka. Cirrus Vision Jet, wanda ya sami takardar amincewa a 2016, jet ne mai inji ɗaya, gudunsa 311, tsayinsa ƙafa 31,000. TBM 960 na kamfanin Daher na Faransa, mai farfela, yana kai 330 a sa'a, yana hawa ƙafa 31,000 cikin ƙasa da minti ashirin, kuma zangonsa ya fi tsawo. Epic E1000, wanda ake ƙerawa a jihar Oregon ta Amurka, yana kai 333. Wato a wannan rukuni mai farfela ya riga jet isowa. Abin da Vision Jet ke sayarwa daban ne: faɗin ciki, da sauƙin tuƙi, da laimar da ke sauko da jirgi gaba ɗayansa idan abin ya ɓaci, irin wadda Cirrus ya shahara da ita a ƙananan jiragensa. Mutum yana iya zaɓarsa saboda waɗannan dalilai, kuma zaɓi ne mai ma'ana, amma ba don gudu ba.

Abu na biyu da takardar talla ke ɓoyewa shi ne cewa gudu mafi girma, da zango mafi tsawo, da kaya mafi nauyi ba sa haɗuwa a tafiya ɗaya. Zangon mil 1,730 da ake ambata wa TBM ana samunsa ne idan an rage gudu zuwa 252, ba a 330 ba. Idan kuma aka cika tankunansa da galan 290 da ɗoriya, nauyin da ya rage wa mutane da kayansu bai wuce wajen kilo 400 ba, wanda manya huɗu da jakunkunansu za su cinye ko su zarce. Kusan kowane ƙaramin jirgi haka yake: kujeru shida ba sa nufin mutum shida da cikakken tanki. Sa'ar da ka yi ita ce zangon mil 650 ba ya buƙatar cikakken tanki a irin wannan jirgi, don haka kana da sarari. Hanyar da ta dace ita ce ka auna ainihin nauyin mutanenka da kayansu, ka ɗauki littafin aikin jirgin, ba takardar talla ba, ka lissafa man zuwa, da na kaucewa zuwa wani fili idan yanayi ya rufe, da na ajiyar minti arba'in da biyar, sannan ka ga ko jimillar ta shiga cikin nauyin da aka yarda a tashi da shi. A SR22T, mai tankin galan 92, mutum huɗu manya da kaya za su tilasta maka rage mai, kuma zangon 650 da iskar gaba zai iya zama zango biyu. Tsayawa shan mai sau ɗaya yana cin kusan sa'a guda, ya shafe duk wata fa'idar gudu da ka saya.

Filayen da kake sauka ma suna da tasu magana. TBM da Pilatus PC-12 suna buƙatar titi wajen ƙafa 2,500 don tashi da cikakken nauyi, Phenom 300E kuma sama da 3,000, amma waɗannan alƙaluma na fili ne da ke daidai fuskar teku a rana mai sanyi. Zafi da tudu suna sirantar da iska, su tsawaita gudun tashi, wani lokaci har sai an sauke kaya ko mai. Mai farfela yana da wata fa'ida a sauka, domin ana iya juya fikafikan farfelar su riƙa tura iska gaba, su taya birki, alhali yawancin ƙananan jet, irin su Phenom da HondaJet, ba su da na'urar juya ƙarfin inji baya, birki kaɗai suka dogara da shi, abin da ke da muhimmanci a kan jiƙaƙƙen titi. Idan jirgi mai sauri ya tilasta maka sauka a babban filin da ke da tafiyar sa'a guda a mota daga inda za ka, shi kuma maras sauri yana sauka a ƙaramin filin da ke kusa, to maras saurin ne ya riga kai ka.

Sai batun kuɗi, wanda a nan ne na fi ganin mutane suna yaudarar kansu, domin sukan tsaya a kan farashin saye da kuɗin mai su manta da sauran. Kuɗin riƙe jirgi kashi uku ne. Na farko shi ne wanda ke tafiya da kowace sa'a ta tashi: mai, da gyare-gyare, da ajiyar da ake yi domin garambawul ɗin inji da farfela. Na biyu shi ne wanda za ka biya ko jirgin bai motsa ba: inshora, da hayar rumfar ajiya, da binciken shekara-shekara, da horon matuƙi, da sabunta taswirorin na'urori, da sassan da ake canzawa bisa ƙidayar shekaru ba ta sa'o'i ba, kamar laimar Cirrus da ake sake naɗewa duk bayan shekara goma. Na uku, wanda ba ya zuwa da takardar biya amma yakan fi sauran nauyi a sabon jirgi, shi ne faɗuwar darajarsa da kuma ribar da kuɗin da ka zuba za su kawo da a wani wuri ka sa su. Sabon SR22T ya haura dala miliyan ɗaya, sabon TBM yana wajen miliyan biyar ko fiye, Phenom 300E kuma ya wuce miliyan goma. Idan jirgin miliyan biyar ya rage daraja da kashi biyar cikin ɗari kawai a shekara, dala 250,000 ke nan, kuɗin da ya ninka na man tafiyarka duka sau da yawa.

Man da za ka ƙona a mil 26,000 ɗin nan zai kai wajen galan 2,500 a SR22T, wajen 4,800 a TBM mai shan galan 55 zuwa 60 a sa'a, da fiye da 6,000 a ƙaramin jet mai inji biyu, wanda ke shan sama da galan ɗari a sa'a idan aka haɗa da hawa da sauka. Amma galan ba iri ɗaya ba ne. Injin fistin na gargajiya yana shan fetur na musamman mai ɗauke da dalma, wanda ake kira 100LL, kuma wannan mai yana da wuyar samu da tsada a wurare da yawa da ke wajen Arewacin Amurka da Turai. A Amurka ma hukumar jiragen sama da masana'antu sun sa wa kansu burin raba shi da dalma zuwa ƙarshen 2030. Injin tarbin kuwa yana shan man jet, dangin kananzir, wanda ake samu a duk filin da jiragen fasinja ke sauka. Idan tafiyarka tana bi ta inda fetur ɗin jirgi ba ya samuwa, wannan kaɗai ya isa ya yanke hukunci. Wanda ke son inji biyu da ƙarancin shan mai yana iya duba Diamond DA62, mai injunan dizal biyu da ke shan man jet, ko da yake gudunsa bai kai 200 ba. Wani abin lura a kansa shi ne an yi masa nau'i mai nauyin kilo 1,999 domin kasuwar Turai, saboda a can jirgin da bai kai tan biyu ba ba ya biyan kuɗin bin hanyar sama, abin da ke nuna maka cewa har dokokin yankin da kake tashi suna cikin lissafi.

Ajiyar garambawul tana buƙatar a ɗan dakata a kanta. Kowane inji yana da adadin sa'o'in da masana'anta ta ba shi kafin a kwance shi a sabunta: wajen 2,000 ga manyan injunan fistin, 3,500 zuwa 3,600 ga yawancin injunan tarbin samfurin PT6 na kamfanin Pratt & Whitney Canada, da 5,000 ga sababbin nau'o'insa da ke kan TBM 960 da PC-12 NGX. Injin tarbin kuma yana da binciken sashensa mai zafi a wajen rabin wannan wa'adi. A ƙaddara, don misali kawai, garambawul zai ci dala 500,000 bayan sa'o'i 3,500. To kowace sa'a da ka tashi ka ci bashin dala 143, ko ka ajiye su yau ko wanda zai sayi jirgin ya cire su daga farashi gobe. Shi ya sa ake da tsare-tsaren biyan kuɗin inji sa'a-sa'a, irin ESP na Pratt & Whitney da TAP na kamfanin injunan jet na Williams, inda kake biya kaɗan-kaɗan su kuma su ɗauki nauyin babban gyaran. A kasuwar jet na hannu, jirgin da injunansa ba sa cikin irin wannan tsari darajarsa tana faɗuwa sosai. Wannan lissafi na sa'a yana da wani sakamako da mutane ba su cika lura da shi ba: rage gudu domin tattalin mai ba kullum yake rage kuɗi ba. Idan ka sassauta TBM zuwa 252, shansa yana sauka ƙasa da galan 40 a sa'a, amma zangon 650 ya ƙara kusan rabin sa'a, kuma wannan rabin sa'ar ana ƙidaya ta a kan inji, da farfela, da jadawalin gyara.

Kashi na biyu, wato kuɗin da ba ya motsi, shi ne ke hukunta wanda ba ya tashi da yawa. A ƙaddara jirgi yana cin dala 200,000 a shekara yana ajiye, da dala 800 a kowace sa'a ta tashi. Mai yin sa'o'i 400 a shekara sa'arsa ta tsaya masa 1,300, mai yin ɗari kuwa 2,800. Jirgi ɗaya ne, amma tsadarsa ta ninka fiye da sau biyu. Kai kuma, da zangunanka arba'in, sa'o'i 62 kawai za ka yi a jet. Idan ka tara duk kason nan uku ka ga, misali, jet ya fi mai farfela tsada da dala 300,000 a shekara, sai ka raba wannan da sa'o'i ashirin da biyun da ya rage maka: kowace sa'a ta kama sama da dala 13,000. Kai kaɗai ka san ko sa'arka ta kai wannan daraja, amma wajibi ne ka ga adadin da idonka kafin ka sa hannu.

A nan ne nake gargaɗinka game da tsohon jet mai araha. Za ka ga Learjet 35 ko tsohon Citation da farashin da bai kai na sabon Cirrus ba, ga gudun da ya ninka nasa, sai zuciya ta kwaɗaitu. Hausawa sun ce araha ba ta ado. Jirgin da aka saya da miliyoyi yana sabo, kuɗin gyaransa na jirgin miliyoyi ne har ranar da za a daina tashi da shi, kuma garambawul ɗin injunansa biyu zai iya fin darajar jirgin duka. Learjet 35 yana buƙatar matuƙa biyu, an kuma daina ƙera Learjet gaba ɗaya a 2022. Dokoki ma suna sauyawa su bar tsofaffin jirage a baya: Amurka ta hana ƙananan jet masu tsohon matakin ƙara tashi bayan ƙarshen 2015, ta kuma wajabta na'urar ADS-B mai bayyana matsayin jirgi daga farkon 2020. Na ga mutumin da ya sayi irin wannan jirgi da murna, shekara ba ta zagayo ba binciken da ya wajaba ya tono tsatsa a cikin fiffike, jirgin ya yi watanni a rumfa ana jiran kayan gyara, shi kuma yana biyan inshora da haya da albashi yana shatar wani jirgin don tafiyarsa.

Abin da ya fi damuna a tambayarka, fiye da kuɗi, shi ne kai kanka. Jirgin da ke tafiyar mil biyar zuwa bakwai a kowane minti ba ya jiran mai tunani a hankali, kuma sa'o'i 600 a jirgin fistin ba sa mayar da mutum matuƙin jet. Kowane jet yana buƙatar shaidar ƙwarewa ta musamman a kan nau'insa, da jarrabawa, da sabunta horo a kai a kai. Ko a mai farfela, kamfanin inshora zai tilasta maka horo na musamman da wasu sa'o'i tare da gogaggen matuƙi a gefenka kafin ya yarda ka ɗauki fasinja kai kaɗai, kuma zai ɗora maka kuɗi mai nauyi a shekarar farko. Ka nemi farashin inshora a rubuce kafin ka ba da kafin alƙalami, domin na san waɗanda suka sayi jirgi sannan suka tarar babu mai yarda ya tsaya musu. Sa'o'i sittin a shekara sun yi kaɗan ga mutum ɗaya da ke tuƙa jet cikin kowane irin yanayi da iyalinsa a baya. Na'urori sun ci gaba, har kamfanin Garmin mai ƙera na'urorin jirgi ya fito da tsarin Autoland, wanda aka fara amincewa da shi a kan Piper M600 a 2020, mai iya saukar da jirgi da kansa idan fasinja ya danna maɓalli bayan matuƙi ya kasa. Abu ne mai daraja ƙwarai ga mai tashi shi kaɗai, kuma ina ba ka shawarar ka sa shi cikin abubuwan da kake nema, amma an yi shi ne don ranar da ka faɗi, ba don cike giɓin ƙwarewa ba.

Ga hukuncina. Da zangon mil 600 zuwa 700, da mutum huɗu, da kai a kan kujerar tuƙi, jirgi mai farfela da injin tarbin guda ɗaya ne ya dace da kai, domin shi ne ke kwashe mafi yawan sa'o'in da za a iya ragewa ba tare da ya jawo maka inji na biyu da kuɗinsa ba. Injin PT6, wanda ke kan yawancin irin waɗannan jirage, yana aiki tun farkon shekarun 1960, kuma amincinsa ne ya sa Turai ta yarda a 2017 a riƙa jigilar fasinja na kasuwanci da irin waɗannan jirage masu inji ɗaya cikin gajimare da dare. Idan gudu ne a gabanka, TBM, kuma ba dole sai sabo ba, domin TBM 850 ko 900 na hannu da aka kula da shi ya riga ya sha mafi zafin faɗuwar darajarsa. Idan kana son sauƙin kuɗi da sauƙin koyo, Piper M600 mai gudun 274, ko M700 mai 301 wanda ya fito a 2024. Idan kuwa mutanenka za su ƙaru, ko kana ɗaukar kaya masu girma, ko kana sauka a titin da ba kwalta, PC-12 na Suwizalan mai gudun 290 da babbar ƙofar kaya, ko da yake ya fi tsada kuma bai kai TBM sauri ba. Idan ka lissafa kason nan uku ka ga sun matse ka, ka sauko zuwa SR22T ko M350 ba tare da jin kunya ba, ka karɓi sa'o'i 144 ɗinka, domin mai jirgin da ke fargabar kuɗin kowace sa'a yakan rage tashi, ya jinkirta gyara, ƙwarewarsa ta dusashe. Tafiya ɗaya ko biyu masu nisa da ke faɗowa a shekara kuma, ka yi musu shata ko ka bi jirgin fasinja, kada ka sayi jirgi dominsu.

Duk wanda ka tsayar a kai, kada ka biya sai bakaniken da kai ka zaɓa, wanda ya san wannan nau'in kuma ba shi da alaƙa da mai sayarwa, ya bincike shi daga hanci zuwa wutsiya. Ya karanta littattafan tarihin jirgin tun daga ranar da ya fito, ya tabbatar babu shafin da ya ɓace, ya leƙa cikin injin da kyamara, ya nemi tsatsa da alamun tsohon haɗari, ya kuma lissafa maka manyan gyare-gyaren da wa'adinsu zai cika cikin shekaru uku masu zuwa tare da kuɗin kowanne. Sannan ka nemi a tashi da kai a kan ɗaya daga cikin zangunanka na gaske, da nauyin mutanenka na gaske, ka kunna agogo daga lokacin da aka tayar da inji zuwa lokacin da aka kashe shi, ka kuma rubuta galan nawa aka zuba bayan kun sauka.